Tsinken da likita ta miƙa wa Yaya

Yau na raka Yaya asibiti gwajin sankarar bakin mahaifa. Tun a hanya take ɗari-ɗari, kunyar hawa gadon awo ce ta hana ta zuwa tuntuni. Likitar dattijuwa ce, da furfura a goshi. Ta miƙo mata siririn tsinke mai auduga a kai, na ɗauko samfurin gwaji daga al'aura, ta nuna labule ta ce, "Hajiya, shiga ki ɗauko da kanki." Wallahi nan take fuskar Yaya ta saki.

Likitar ta ce ta daɗe tana duba mata da ruwan khal, tsohon gwajin da ake shafa shi a bakin mahaifa a duba da ido, hannunta ya saba. Da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sabon tsari a 2021, bai kwanta mata nan da nan ba: a fara neman HPV, ƙwayar cutar da ke haddasa wannan sankara, daga shekara 30, in babu a dawo bayan shekara 5 zuwa 10, masu HIV kuwa a fara daga 25. Sai da ta zauna ta karanta hujjojin kafin ta sauya. Na girmama ta matuƙa. Amma zuciyata tana kan matan ƙauyenmu, waɗanda ko tsohon gwajin bai isa gare su ba.