Wasiƙa daga Jidda: Yadda muka yi da neman motar aiki

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina fata kowa yana lafiya, ya iyali, ya kuma haƙuri da tsadar rayuwa. Mu ma nan Jidda alhamdu lillahi, sai zafi da danshin Bahar Maliya da ba ya barin riga ta bushe a jikin mutum.

Waɗanda suka san ni sun san sana'ata a nan wanke gilas ce: gilasan shaguna, asibitoci, ofisoshi da gidajen masu hali. Mu huɗu ne, ni ne babba, kuma ni ke tuƙi. Mu'assasar, wato kamfanin da muke wa aiki, ta maigidanmu ce, ɗan ƙasa, wanda kakansa ya taso daga ƙasar Katsina da ƙafa ya ratso ta Sudan don sauke farali, bai koma ba. Hausarsa ta gauraye da Larabci, amma idan ransa ya ɓaci tas take fitowa.

Motar da muka yi shekaru muna aiki da ita ta mutu a watan Yuli, kan titin Madina, da tankin ruwa cike a bayanta. Ba zan ambaci kamfaninta ba, don laifin namu ne: mun ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, lagireto yana tsiyaya muna ƙara ruwa muna cewa gobe, har gaskit ya ƙone. Kwana goma sha ɗaya muna hayar dabbab, wato 'yar ƙaramar akori-kura, kuma kafin mu farfaɗo wani babban shago da muke wanke wa duk mako ya ɗauki wasu.

Abin da ya sa asarar ta yi ciwo shi ne lokacin. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba doka ta hana a sa ma'aikaci aiki cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 na yamma. Ko ba doka ma, gilas da ya sha rana ba ya wankuwa, ruwa na taɓa shi yake bushewa ya bar zane. Aikinmu na gaske tsakanin sallar Asuba ne da hantsi. Motar da ta ƙi tashi da asuba ta cinye yinin gaba ɗaya.

Da maigida ya ce in nemo wata, sai na fara da abin da ban taɓa lissafawa ba, wato nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tankinmu lita 500 ne, rabin tan ke nan tun kafin a saka tsani, famfo, batir, tiyo, sandunan buroshi, da ƙarti huɗu da suka ci ful da tamis, wato wake da burodi. Kuma dole mu yi dakon ruwanmu, don na famfo idan ya bushe a gilas fararen ɗigo yake bari, sai wanda muka tace a gida. Wani abin kuma, ruwa ba buhun siminti ba ne da zai zauna inda aka ajiye shi. Ka taka birki, motar ta tsaya, ruwan bai tsaya ba, sai ka ji ya turo ka gaba. Tanki rabi ya fi cikakke haɗari. Shi ya sa duk motar da na duba, ƙarƙashinta nake fara leƙawa, in ga sifirin ɗin baya, in ga ko daɓenta zai karɓi ƙusoshin ɗaure tanki.

Maigida ya so mu ɗauki wanet, irin su Hilux ko Isuzu, don ƙarfinsu. Na ce masa, “Maigida, a buɗaɗɗen baya ruwan nan kafin azahar ya isa haɗa shayi, kuma duk inda muka shiga bene sai an bar mutum ɗaya yana gadin kaya.” Ya yi dariya ya bar zancen. Sai muka koma kan rufaffu: Toyota Hiace, Nissan Urvan, Hyundai H-1, da na China da suka cika kasuwa yanzu, waɗanda sabuwarsu dal kan zo kusa da kuɗin tsohuwar ta Japan.

Na China sun ja hankalina, ba zan ɓoye ba. Wanda ya dawo da ni hanya bakanikenmu ne, wani dattijo Bahaushen Sudan daga Mai Wurno, da ya yi shekara da shekaru a Sana'iyya, unguwar masu gyaran motoci. Bai kushe ko ɗaya ba. Cewa ya yi, “Ɗana, kada ka tambaye ni wacce ba ta lalacewa, duk ƙarfe ne. Je ka Biriman ka ƙirga.” Biriman nan ne tashlih yake, inda ake farke motocin da suka yi haɗari ana sayar da kayansu, kamar dai 'yan gwangwan da masu kayan gyara na Ƙofar Ruwa a Kano. Na je na yini. Duk layin da na bi akwai ƙofar Hiace, akwai giyarta, akwai akusul ɗinta. Injinta na fetur mai lita 2.7 shi ne dai a cikin Hilux da Fortuner da wasu Prado, don haka ko yaron bakanike ya san shi. Toyota ta daɗe a ƙasar nan, tun 1955 gidan Abdul Latif Jameel ke dillancinta, kuma a Jidda cibiyarsu take. Wasu motocin kuwa sai ka tambayi shago biyar a ce maka a bari a yi oda.

Hiace ɗin da nake nufi kun san ta, ita ce kuke kira Hummer bus a tasha, mai inji ƙarƙashin kujerar direba. A 2019 aka fito da sabon samfuri mai hanci a gaba, ya fi faɗi, ya fi kariya idan an yi karo, ya kuma fi kuɗi nesa ba kusa ba. Tsohuwar tana da aibinta: kujera na ɗaukar zafi, kuma tsakanin gwiwarka da motar gabanka ba wani abin kirki. Na san da haka na zaɓe ta.

Mai dogon rufi na so, don mutum ya iya miƙewa a ciki. Sai na tuna rabin wuraren da muke aiki wurin ajiye motocinsu a ƙarƙashin ƙasa yake, da ƙarfe a gicciye a bakin shiga. Mai dogon rufi ta haura mita biyu, mai gajeren kuwa kaɗan ya rage ta kai. Ko ita ɗin, idan aka ɗaura tsani a sama ba za ta shige ba, sai muka sayi tsani mai naɗewa da ke kwana a ciki.

Dizal ko fetur bai ɗauke mu lokaci ba. Da can dizal kusan kyauta ne, amma ya tashi zuwa riyal 1.15 a farkon 2024, ya koma 1.66 a farkon 2025, alhali fetur mai lamba 91 yana nan a 2.18 tun 2021. Tazarar ta ragu, tafiyarmu gajeru ce cikin gari, gyaran famfon dizal kuma ba wasa ba. Fetur muka ɗauka, mai giyar hannu.

Wurin saye ne aka kusa yi mini sakiyar da ba ruwa. A wuraren baje motoci na kudancin gari na ga wata fara sol, kyan ɗan maciji, mita tana nuna tafiya kaɗan, dillali yana ta rantsuwa. Dattijon nan da na tafi da shi bai ko buɗe inji ba. Ya ɗaga shimfiɗar ƙasa, ya ja bel ɗin kujera har ƙarshe, ya zura yatsa bayan akwatin fis, ya fito da busasshen taɓo. Duk wanda ya zauna a Jidda ya san ambaliyar Nuwamba 2009 da ta Janairu 2011, ga kuma ruwan da aka tafka a Nuwamba 2022. Motar da ta sha ruwa takan yi lafiya wata biyu, sannan wayoyinta su fara hauka ɗaya bayan ɗaya. Muka yi masa sallama.

Takardar fahas, wato binciken lafiyar mota na hukuma, ba a canja sunan mai mota sai da ita da inshora, amma birki da fitilu da hayaƙi take dubawa, ba ta gaya maka inji na shan mai. Abin da ya fi amfani shi ne rahoton Mojaz, da ake saye ta waya da lambar shasi, ya nuna hannu nawa motar ta bi, da haɗurran da aka rubuta mata, da abin da mita ta nuna a baya. Da shi muka kama wata da aka juya wa mita.

Wadda muka saya a ƙarshe ba ta da kyan gani. Ta wani kamfanin raba magunguna ce, gefenta duk shatin tambarin da aka ɓamɓare, ta yi tafiya mai yawa, amma littafin juyen manta cike yake da hatimi, ƙasanta ba tsatsa, iyakwandishan kuma yana aiki, wanda a garin nan ba alatu ba ne. Istimara, wato takardar rajistar mota, ta fita da sunan mu'assasa, aka yi mini izinin tuƙi ta Tamm, shafin intanet na harkokin motoci. Kafin ta ɗauki ko bokiti ɗaya muka canja lagireto, tayoyi huɗu masu ɗaukar kaya, da tanki mai shinge a ciki da ke karya ƙarfin ruwa.

Ƙanena da ke Kano ya aiko mini yana son sayen mota don rabon fiya wata, yana tambaya wacce ta fi. Malam, jaka ɗaya ƙulli 20 ce, kowanne rabin lita, kilo 10 ke nan. Jaka 100 tan guda. Ka fara da wannan lissafin, sannan ka ɗauki bakanikenka ku zaga Ƙofar Ruwa ku ga kayan wace mota suka fi yawa, ka kira ni bayan Isha'i mu ƙarasa maganar.

A gaida kowa da kowa, a sa mu a addu'a.

Naku,
daga Jidda