Lilon ƙafar keke: inda na kwana a sati na uku

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyon aikin waya da gwangwani, da fatan kowa na lahiya. Sati uku kenan ina fama da ɗan lilon nan mai juyawa, jiya bayan la'asar dai alhamdulillahi ya zagaya cikakke ba tare da kujera ko ɗaya ta kife ba, shi ne na ce bari in ba ku labari tun abin na da zahi.

Wanda bai san mafarin ba, abin da nake kwaikwayo shi ne lilon katako da ake kafa muna da sallah muna yara, a wani fili can Zango, mai akwati huɗu, ba inji ba kuran, samari biyu ne majiya ƙarfi ke tura shi da hannu. Dala biyar za ka ba da cikin goron sallarka ka shiga da sabuwar riga, in akwatinka ya kai sama sai su tsaida shi don a sauke na ƙasa, kai kuwa kana rataye kana hango rufin soraye, cikinka na wani irin sanyi, ka riƙe katakon nan gam har tafinka ya yi shati. Warin baƙin man da suke shafa ma ƙarfen tsakiya har yau yana hancina wallahi. Yanzu filin duk shaguna ne, yarana ba su taɓa ganin irin shi ba, na yi ta kwatanta musu da hannu ba su gane ba, sai na ce to zan ƙera musu ƙarami.

Kayan ba su da yawa, tsohuwar ƙafar keke ta gaba da na samu wurin mai gyara, ƙananan gwangwanayen tumatir, ƙusoshi, waya, sai katako biyu da suka riƙe ta tsaye.

Kuskurena na farko lissahi ne. Na so in sa kujera takwas, na raba da ido na ɗaɗɗaura ƙusoshin, ina saki sai gefe ɗaya ya riƙa gangarowa ƙasa ya tsaya, ko yaya na juya can yake komawa. Sai da na zauna na ƙirga wayoyin ƙafar na ga 36 ne, kuma 36 ba ta rabuwa takwas daidai. Na kwance duka na maida su 12, ƙusa ɗaya bayan kowace waya uku, nan take nauyin ya daidaita, duk inda ka tsaida ta nan za ta tsaya. Don Allah ku ƙirga kafin ku ɗaura, kwana biyu wannan ya ci mini.

Kuma 36 ɗin nan ta taɓa mini zuciya, don babban lilon da injiniya George Ferris ya kafa a Chicago ta Amurka a 1893 ɗakuna 36 gare shi shi ma. Tsawonsa wajen mita 80, kowane ɗaki na ɗaukar mutum 60, ka ga 2,160 kenan a tashi ɗaya, injin tururi ke juya shi. Zagaye biyu ake yi cikin minti 20, na farkon ana tsayawa sau shida don ɗaukar mutane, wato su ma sun san ratayewar nan a sama ana jira, irin tamu ta Zango. Abin da ke mini ciwo shi ne ƙarshensa, an kai shi birnin St. Louis a 1904, a 1906 aka sa mishi nakiya aka tarwatsa aka saida ƙarfen, shi Ferris ɗin kuwa tun 1896 ya rasu yana da shekara 37. Na birnin Vienna da aka gina a 1897 shi ne ya yi sa'a, har yau yana juyawa, sai dai ɗakunansa 30 sun koma 15 bayan yaƙin duniya na biyu.

To mu koma kan gwangwani, nan ne na fi shan wuya. Da farko na huda su a tsakiyar ciki na zura a ƙusa, ina sa 'yar tsakuwa a matsayin fasinja sai su tuntsure. Dole inda aka rataye ya kasance sama da nauyin, kamar dai guga, ka huda bakin gwangwanin gefe biyu ka yi mishi mariƙi na waya, nauyin da kansa zai riƙe shi tsaye duk inda ƙafar ta juya. Na yi haka amma na matse mariƙin da yawa jikin ƙusa, sai ya riƙa bin ƙafar yana zubar da tsakuwar in ya kai sama. Dabarar da ta fisshe ni bututun bik na rubutu ne, na yanka guntu-guntu na zura ma kowace ƙusa, mariƙin ya hau kan robar yana lilo sumul, na lanƙwashe bakin ƙusar don kar ya zame. Ƙaramar ɗiyata ta sa 'yartsanarta ta ƙyalle a ciki ta tura da yatsa, ta bi ta da ido har sama ta dawo, ta ce Baba haka naku yake? Na ce mata haka yake, sai dai namu yana kuka ƙiii in ya juya.

Saura injin. Na ciro ƙaramin moto daga tsohon rediyo mai kaset, na yanko robar tiyub na zagaya ta bisa ƙafar, yana ja amma gudun ya yi yawa, kujerun sai su baje waje su watso da komi. Ina ganin sai na sa wata 'yar ƙafa a tsakani ta rage mishi, ran Alhamis in Allah ya kai mu zan leƙa Kasuwar Dole wurin masu tsofaffin ƙarafa. Wanda ya taɓa rage gudun irin wannan moton cikinku ya taimaka mini da yadda ya yi, kuma fenti nake so ja da kore, don haka akwatunan namu suke.