Tarihin Rayuwata, kashi na 17: Daren da ba a yi mini liƙi ba

A makon jiya na tsaya a inda motarmu ta shiga Wagadugu, ƙarshen shekarar 2006. Amma ku yi mini haƙuri, sai na koma kan maganar Baffa tukuna, don ita ce ta hana ni barci jiya. Ranar da ya ji na bar karofi na shiga rawar koroso, bai yi faɗa ba. Yana wanke hannuwan nan nasa da ruwan baba ya rine har gwiwa, ya ce: "Je ka. Amma ka sani, mai rawa ƙafa gare shi, baki na 'yan kallo ne."

Na yi shekara goma sha ɗaya ina koroso ban ji nauyin maganar ba, domin a koroso bakin 'yan kallo ba ya jira. Kafin kacau-kacau ɗin ƙafarka ya yi shiru guɗa ta tashi. In ka burge a manna maka kuɗi a goshi, in ka yi sanyi ka ga mutane sun koma hira. Kafin ka tuɓe kaya ka san matsayinka.

A Wagadugu ne na fara ganin wani abu daban. Wurin rawar da aka kai mu sabo ne fil, wasu masu rawa 'yan Burkina Faso, Salia Sanou da Seydou Boro, su ne suka buɗe shi a wannan shekarar, suka sa masa suna La Termitière, wato gidan gara. Mutum ɗaya ya fito, babu ganga babu sarewa, ya yi kusan minti arba'in, zaure tsit kamar ana zaman makoki. Na ce a raina wannan bawan Allah ya faɗi. Da ya gama sai tafi ya ɓarke. Aka kunna fitilu, aka kawo kujera, ya zauna da tawul a wuya yana haki, mutane suka shiga yi masa tambayoyi. Wani mutumin Maraɗi da ke kusa da ni yana juya mini Faransancin. Wata ta ce ita mahaifinta ta gani a kan gadon asibiti, wani ya ce bai gane komai ba kuma ya ji haushi, aka saurare shi har ya gama. A bakin ƙofa akwai babban littafi da biro. Wata 'yar Sanagal da ta yi karatu a makarantar rawa ta Germaine Acogny ta faɗa mini ita ba ta cin abincin dare sai ta karanta abin da aka rubuta a kanta.

Na dawo gida da wannan a ƙirjina. Na haɗa rawa ta minti ashirin da biyar a kan rini: yadda marini ke sunkuyawa, ya tsoma, ya tsamo, ya jira iska ta bugi zanen ya tashi daga kore ya koma shuɗi. Babu kiɗa sai ƙarar bugu da na ɗauko a kaset daga wurin mabuga na Ƙofar Mata. Wannan kuwa 2007 ce, shekarar da aka dakatar da shirya finafinai a Kano, kalmar rawa kanta ta yi nauyi a bakin mutane. Na sani, na yi duk da haka, kuma har gobe ba na nadama.

Mutum kusan sittin suka zo zauren. Ban yi minti biyar ba wani ya ɗaga murya daga baya: "Malam, ina makaɗan?" Aka yi dariya. Wani ya ce iska ce ta hau shi. Ina sunkuye ina jin ƙarar kujeru ana fita. Da na gama, waɗanda suka rage ba su san ko tafi ake yi ba ko me, wata tsohuwa ta tashi da naira ashirin a hannu, ta tsaya, ta koma ta zauna. Ita kaɗai na fi tunawa. Na kawo kujera na zauna kamar yadda na gani a can, aka yi shiru, sai wani ɗalibi ya tambaye ni nawa Turawa suka biya ni.

Duk wannan na yafe. Abin da ban yafe ba shi ne rubutun da ya fito bayan kwana tara a wata jarida. Mai rubutun ya ce na ɗauko bori na sa masa rigar Turawa don in ci kuɗinsu. Mutumin nan, ƙanin Uwargidata ne ya karɓi tikitinsa a ƙofa, kuma a gabansa ya fita tun ban kai minti goma ba. Bai ga tsamowa ba, bai ga shanya ba, kalmar rini ko sau ɗaya ba ta fito a rubutunsa ba. Dariyar zaure a zaure ta mutu, amma takarda ƙafa gare ta. Sai da ta kai hannun Gwaggo, aka karanta mata, aka ɗage ɗaurin aurenmu da Uwargida wata bakwai. A 2015 na haɗu da shi wurin wata ta'aziyya, ya miƙo hannu yana "Ranka ya daɗe, ina wasa?" Na amsa sallamarsa don hakkin Musulunci, ban ƙara ko kalma ba. Baki na 'yan kallo ne, na yarda, Baffa. Amma wanda ya fita tun da wuri, shi ma ɗan kallo ne?

Littafin da na ajiye a ƙofa, irin na 'yan makaranta mai shafi arba'in, yana nan a akwatina. Mutum goma sha huɗu suka rubuta. Shida zagi ne, biyu addu'ar shiriya, ɗaya ya nemi a mayar masa da kuɗinsa. Ɗaya kuma da ajami, babu suna. Ni ajamina bai yi ƙarfi ba, sai na kai wa Baffa a soro bayan la'asar. Ya ɗaga shi wajen haske ya karanta: "Na ga marini yana jiran iska."

Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya janye tabarma gefe ya ce, "Yi in gani."

Na yi masa duka, babu kaset, yara suna leƙe ta ƙofa. Bai motsa ba har na gama. Ya ce, "Sunkuyon ya yi. Amma ka cika saurin tsamowa. Zanen da aka tsamo haka baba ba ya kama shi. Sake daga wurin tsomawa."

Sau huɗu na sake kafin a kira magariba. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda aka shawo kan Gwaggo.