Ka fara samun mai saye kafin ka ɗora zanenka

A watan Maris na 2021 aka sayar da tarin zanen kwamfuta na wani Ba'amurke mai suna Beeple a gidan gwanjo na Christie's kan dala miliyan 69 a matsayin NFT, wato lambar mallakar zane da ake sayarwa a intanet, sai kan masu zane a Samaru ya ɗau zafi, har da ni. Ina da zanen ƙofar fadar Zazzau da na dawakin hawan sallah a kwamfuta, na ce ai kakata ta yanke saƙa.

Ɗora zane ba wuya. Ka buɗe asusun MetaMask, wato jakar ajiye kuɗin intanet na kirifto, ka sa hoton a kasuwar NFT ta OpenSea, a ba shi lamba a blokcen, wato kundin intanet da ke adana wa ya mallaki me. Lambar nan kake sayarwa, hoton kuwa kowa na iya saukewa a wayarsa kyauta. Na yi gaggawar biyan kuɗin gas, wato ladan shigar da lambar a blokcen na Ethereum, lokacin da yake da tsada, ga shi Babban Banki ya hana bankuna taɓa kirifto tun Fabrairun shekarar, sai ta hannun 'yan P2P, masu cinikin kirifto kai tsaye tsakanin mutum da mutum, na samu ETH, kuɗin Ethereum. Da na tsaya tambaya, da an nuna mini wani blokcen mai suna Polygon inda kuɗin bai taka kara ya karya ba.

Daga nan sai shiru. Babu wanda ya leƙa, balle ya taya. Kasuwar ba ta kawo maka mutane, kai za ka zo da naka. Osinachi, ɗan Aba da ke zane da Microsoft Word, ya daɗe yana nuna aikinsa ana saninsa kafin Christie's ta sayar masa. Ni mabiyana a Twitter abokan ajinmu ne, waɗanda kuɗin data ma sai an yi dabara.

Wanda ya fara min magana wani ne a Instagram, wai zai sayi zane uku da tsada, amma in ɗora su a wani shafi da ya turo, in biya kuɗin rajista. Na biya. Da na nemi cire cinikin sai shafin ya ce in rubuta kalmomin sirri 12 na asusuna na MetaMask. A nan jikina ya ba ni, na rufe.

Ƙanena, kalmomin nan 12 su ne asusun gaba ɗaya. Rubuta su a takarda ka ɓoye, kada ka ɗauki hotonsu a waya. Mai saye na gaskiya ba ya tambayarsu, ba ya kuma sa ka biya kafin ya biya ka. Kuɗin makaranta kuwa kada ya shiga gas.