Bougival, Garin da Ya Ɗebo wa Sarki Ruwa

Kimanin kilomita 15 yamma da birnin Faris na ƙasar Faransa akwai wani ƙaramin gari mai suna Bougival, wanda ya maƙale tsakanin kogin Sen da wani tudu mai itatuwa a yankin Yvelines. Mazaunansa ba su kai 10,000 ba, kuma da yawa daga cikinsu sammako suke yi zuwa wuraren aiki a babban birni, su dawo da almuru. Abin da ya ja hankalina game da garin shi ne, tun zamanin da, kogin da ke gabansa baƙi ya fi yi wa hidima a kan 'yan gari.

Baƙon farko, kuma mafi girman buƙata, shi ne Sarkin Faransa Luwi na 14. Fadarsa ta Versailles tana kan tudu ne, ba ta da kogi, ga shi kuma ya cika lambunanta da maɓuɓɓugan ado waɗanda ba sa ƙoshi da ruwa. Sai aka ɗauko wasu mutum biyu daga yankin Liège, a ƙasar Beljiyom ta yau, wato Arnold de Ville da wani kafinta mai suna Rennequin Sualem, wanda ya ƙware wajen janye ruwa daga ramukan haƙar ma'adinai. Daga 1681 zuwa 1684 suka gina abin da aka sani da Injin Marly a gaɓar Bougival. Manyan ƙafafun katako 14 ne, faɗin kowace kusan mita 12, ƙarfin kogin yana juya su, su kuma suna motsa famfuna sama da 200. Da yake bututun wancan zamani ba zai iya ɗaukar nauyin ruwan a tashi ɗaya ba, sai aka raba hawan gida uku, ana tara ruwan a tafkunan da aka haƙa a jikin tudun, sannan dogayen sandunan ƙarfe masu kai da komo su isar da ƙarfin ƙafafun zuwa famfunan sama, har ruwan ya hau kusan mita 160 ya shiga magudanar ruwa da ke garin Louveciennes mai maƙwabtaka da Bougival.

A ganina, aikin ya fi burgewa a ido fiye da amfaninsa. Kullum cikin gyara yake, ƙarar katako da ƙarfe kuma tana kaiwa nesa dare da rana, alhali ruwan da yake kawowa bai taɓa wadatar da lambunan sarki ba. Masu kula da maɓuɓɓugan Versailles sukan buɗe wadda sarki zai wuce ta gabanta ne, da ya ba da baya su rufe. Duk da haka injin ya yi aiki har 1817, aka maye gurbinsa da wasu, na ƙarshensu mai ƙafafu shi ne wanda aka gina a zamanin Napoleon na 3, aka kuma rushe shi a 1968. Na ji daɗi da titin bakin kogin yake ɗauke da sunan Sualem, domin ba kasafai ake tunawa da mai guduma ba idan akwai sarki a cikin labari.

A ƙarni na 19 baƙin suka sauya kama. Jirgin ƙasa ya kusanto da yankin ga mutanen Faris, suka riƙa zuwa ranar Lahadi don tuƙa kwalekwale da rawa a gidajen shaƙatawa na bakin ruwa, masu zane irin su Monet da Renoir da Sisley da Berthe Morisot kuma suka biyo su da burushi. A wani gida da ke fuskantar kogin ne mai tsara kiɗa Georges Bizet ya rasu ranar 3 ga Yuni, 1875, yana da shekara 36. Marubucin Rasha Ivan Turgenev ya gina gida mai fasalin na ƙasarsu a jikin tudun, kusa da na mawaƙiya Pauline Viardot, a nan ya cika a 1883, aka kai gawarsa Rasha. Gidan nasa yanzu gidan tarihi ne.

Ɗan gari da ake tunawa da shi kuwa mai aikin lambu ne, François Debergue, wanda sojojin Furusiya, wata masarautar Jamusawa, suka harbe a yaƙinsu da Faransa na 1870 saboda ya yanke musu wayar tangaraho.

Abin da ke ɓata mini rai a Bougival ta yau shi ne babban titin da ya ratsa tsakanin gidaje da ruwa, wanda motoci ba sa ɗauke ƙafa a kansa. Wanda yake son ganin kogin cikin natsuwa sai ya haye gada zuwa tsibirin Chaussée, daga nan ne zai hangi tsohuwar majami'ar garin, wadda asalinta ya koma ƙarni na 12, da jiragen dakon kaya suna jiran a buɗe musu ƙofar madatsa. Ita ma tashar jirgin ƙasa mai ɗauke da sunan Bougival ba a cikin iyakar garin take ba, tana cikin maƙwabciyarsa La Celle-Saint-Cloud ne, a can saman tudu, don haka matafiyin da ya sauka sai ya gangaro da ƙafa mai ɗan nisa kafin ya iso bakin ruwa.