Motar gas da asubar hunturu: yadda nake gano abin da ya hana ta tashi

Daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu, aikin da ya fi yawa a garejinmu a Katsina shi ne motar gas, wato mai shan dizal, da ta kwana lafiya, gari ya waye ta ƙi tashi. Hilux ce, Hiace ce, Canter ce ta masu lodin kasuwar Mai'aduwa ko Jibiya, wani lokaci taraktar masu noman rani a Ajiwa. Kukan direbobi ɗaya ne: da rana bugu ɗaya take tashi, da asuba sai an tura.

Injin gas ba shi da fulogi mai ba da tartsatsi irin na fetur. Fistin ne ke matse iska har zafinta ya wuce digiri 500, sai nozul ya fesa gas a ciki ya kama da kansa. Da asubar hunturu sanyi kan sauko wajen digiri 12 a nan, ƙarfen injin ya kwana yana shan jaura, sai ya riƙa shanye zafin da fistin ke tarawa. Duk da haka wannan sanyin bai isa ya hana lafiyayyen inji tashi ba. In mota ta ƙi, akwai raunin da take ɗauke da shi tun bazara, zafi ne ya rufa mata asiri.

Shi ya sa ba na duba irin wannan motar da rana. Nakan ce wa mai ita, "Alhaji, a bar mini ita ta kwana, kada kowa ya taɓa makulli sai na zo." Injin da ya riga ya yi ɗumi ba ya nuna laifinsa, duk abin da ka canja a lokacin lalube ne.

Da safe nakan sa yaro ya murɗa makulli, ni kuma in tsaya gefe ina sauraron kik, idona a kan salansa. Waɗannan biyun su ke raba mini hanya.

In kik na juya injin da nauyi, yana ja yana tsayawa, ba na wuce batir. Injin gas yana son a juya shi da sauri, wajen zagaye 200 a minti, domin in ya yi sanyin jiki iskar na sulalewa ta gefen ringi kafin ta yi zafi. Batirin da ya kwana ya kamata mita ta nuna bolt 12.6. In 12.2 ta nuna, rabin caji ke gare shi. Amma ainihin gwajin lokacin bugawa ne: a bar mita a kan batir a murɗa makulli, in ta faɗi ƙasa da 9.6, ko dai ba caji ko batirin ya gama. Bayan mota ta tashi a sake aunawa, 13.8 zuwa 14.4 ake so, ƙasa da haka a duba bel da altaneta. A manyan motoci masu batir biyu, wato bolt 24, kowanne nake aunawa shi kaɗai, don sau da yawa ɗaya ne ya mutu yana jan ɗan'uwansa ƙasa. Kada a haɗa sabo da tsoho, ba su daɗewa tare. Kafin a yanke wa batir hukunci kuma a kwance kawunansa a kankare farin garin da ya taru, a duba wayar as, wato ta negatif, inda take kama bodi da inji. Wayar da ta yi zafi a hannu bayan bugawa, a nan wuta ke maƙalewa. In duk wannan lafiya kik bai daina nauyi ba, a sauke shi a duba burushi da bushin.

Baƙin mai ma yana da hannu. Masu tsofaffin motoci na son mai kauri, 20W-50, don ya rage hayaƙi, wasu har su ƙara masa abin ƙara kauri. Da asuba wannan man na riƙe inji, kik ya sha wahala. Ga yawancin injinan gas da muke gani 15W-40 ne daidai, sai in littafin motar ya faɗi wani.

To, in kik na juyawa da kuzari, sai salansa. Farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas yana nufin gas na isa silinda amma bai samu zafin da zai kama ba. A nan zargina na farko hita ce.

Injinan Toyota irin 2L, 3L da 5L, da 1HZ na Land Cruiser, suna fesa gas ne a wani ƙaramin ɗaki da ke cikin tof, wato murfin saman silinda, ba kai tsaye a kan fistin ba. Ɗakin nan na saurin yin sanyi, shi ya sa aka sa wa kowace silinda hita, wadda bakinta ke yin ja zur, sama da digiri 800, cikin 'yan daƙiƙu. In ɗaya ta mutu mota za ta tashi tana rawa da farin hayaƙi na ɗan lokaci, sannan ta daidaita. In biyu ko uku suka mutu, da rana ba wanda zai sani, da asubar Janairu kuwa ba ta tashi. Fitilar hita da ke kan dashbod ba shaida ba ce, tana iya kamawa ta mutu daidai alhali ba hita ɗaya mai rai.

Da farko nakan ɗora fitilar gwaji a kan siririn ƙarfen da ya haɗa kawunan hitocin, a kunna makulli. In ba wuta, laifin na baya ne, fis ko rile ko na'urar da ke ƙidaya lokaci. In akwai wuta, sai in kwance ƙarfen gaba ɗaya, domin muddin yana haɗe mai rai na rufa wa matacciya asiri. Sai in maƙala wayar fitilar a kan fositif na batir, in taɓa kan kowace hita da bakinta. Wadda fitila ta kama a kanta tana da hanya, wadda ba ta kama ba ta tsinke. Da mita, lafiyayya kan nuna wajen om 1. Wadda nake shakka nakan cire ta in ba ta wuta na daƙiƙu kaɗan: baki ya kamata ya fara yin ja. In tsakiya ce ke ja baki na nan baƙi, ba ta da amfani.

Hita ba iri ɗaya ba ce, kuma a nan kuɗin mutane ke ƙonewa. Akwai mai bolt 11, akwai ta ƙasa da haka mai saurin zafi, akwai ta motocin bolt 24. Lambar na rubuce a jikinta, a tafi da tsohuwar wurin mai kaya. In aka sa ƙaramar bolt inda ba wurinta ba za ta ƙone, bakinta ma na iya kumbura ko ya karye ya faɗa silinda. In aka sa babba, ba za ta yi ja ba. Ni duka nake canjawa lokaci guda. Cire ta kuma sai inji na da ɗumi, a zuba mata ɗan mai ta jiƙa, a bi ta a hankali, don in ta karye a ciki aikin ya koma sauke tof. Abin da ba na yarda da shi shi ne a haɗa hita da maɓalli kai tsaye a bar wa direba ya danna iya son ransa. In dole ta sa, kada ya wuce daƙiƙa 10.

Canter da manyan motoci masu fesawa kai tsaye ba su dogara da hita haka ba, in suka ƙi tashi a sanyin nan namu na fi zargin batir, iska a layin gas, ko matsi. Taraktar Massey Ferguson mai injin Perkins kuma hitarta ɗaya ce a bututun shigar iska, tana kunna ɗan gas ta ɗumama iskar. A riƙe makulli a wurin hita kamar daƙiƙa 15 kafin a buga.

In kuwa kik na juyawa salansa ba ta fitar da komai, gas ne ba ya zuwa. A saurari ƙarar "ƙas" ta solenod ɗin da ke buɗe wa gas hanya a kan injekta, wato famfon da ke tura gas zuwa nozul, idan an kunna makulli, in babu a bi wayarsa. In akwai, sai in je kan filta in danna famfon hannu har ya yi tauri, sannan a buga. Motar da ta tashi nan take bayan wannan, iska take sha cikin dare. Tsohon tiyo na ƙanƙancewa da sanyi ya saki bakinsa, ko robar famfon hannun ta tsage, ko wasar tagulla ta gaji, sai gas ya koma tanki iska ta maye gurbinsa. Sau da yawa ba a ganin yoyo ko kaɗan, don layin tsotsa yake yi. Nakan sa guntun farin tiyo mai nuna ciki tsakanin filta da injekta, kumfa ta nuna kanta. Daga nan sai bin mahaɗa ɗaya bayan ɗaya zuwa tanki.

A ƙarƙashin filta akwai maɓuɗin zubar da ruwa. A kwance shi a tara a kwalba mai haske: ruwa na kwantawa ƙasa, gas na sama. Iskar hunturu busasshiya ce, don haka yawancin ruwan da nake samu daga duro da jarkar bumburutu yake fitowa. In ya yi yawa a canja filta a wanke tanki, domin ruwa na cinye injekta da nozul.

Akwai maganar da ke yawo cewa gas na daskarewa da sanyi, a zuba masa kananzir ko fetur. A Kanada da Rasha da arewacin Turai, inda sanyi ke sauka ƙasa da sifili, gaskiya ne: kakin da ke cikin gas na daskarewa kamar man shanu ya toshe filta, har gas na musamman ake sayar musu lokacin sanyi. Sanyin Katsina da Daura bai kai nan ba. Gas shi ne ke shafa wa injekta mai a ciki, kananzir na rage wannan santsin, fetur ya fi shi ɓarna. Sababbin injina masu kwamfuta, irin D-4D na Hilux, su suka fi saurin lalacewa da wannan haɗin. A kansu kuma kada a kuskura a sassauta bututun nozul don cire iska yadda muke yi wa tsofaffi. Matsin gas a ciki ya wuce bar 1,000 a ma'aunin matsi, yana iya huda fatar hannu. Waɗannan kwamfuta ake sa musu ta karanta laifin.

Haka ɗabi'ar jiƙa tsumma da fetur a kara a bakin shigar iska, ko fesa maganin tayar da inji. Motar za ta tashi, amma da buguwa mai ƙarfi, domin abin na kamawa kafin fistin ya kai sama. A injin mai hita yana iya kamawa tun a bututu. Ringi na karyewa, matsi ya ƙara raguwa, gobe sai an ƙara fesawa. Hura wuta a ƙarƙashin inji kuwa, ga tiyo ga waya ga gas, ba abin da za a gwada ba ne. Shi kansa kik kada a riƙe shi fiye da daƙiƙa 15, a ba shi rabin minti ko minti ya huce.

Hazo na toshe iya kilina, wato matatar iska, cikin ɗan lokaci, musamman ga masu bin hanyar ƙauye. Alamarsa baƙin hayaƙi da rashin ƙarfi a hawa. A hura ta daga ciki zuwa waje da iska mara ƙarfi, kada a buga ta a jikin taya, takardar na tsagewa. Mai cire ta gaba ɗaya don mota ta "numfasa" ƙura yake ba ringi, kuma ita ce motar da za ta ƙi tashi baɗi.

Idan batir da hita da layin gas duk sun fita, farin hayaƙin bai daina ba, sai auna matsi. Ta ramin hita ake ɗaura ma'aunin, a cire wayar solenod don kada gas ya shiga. A injinan L na Toyota lafiyayye kan ba da kilo 32 a kan santimita murabba'i, mafi ƙaranci 20, bambanci tsakanin silinda kada ya wuce 5. Kafin a ce ringi ne a auna tazarar bawul inji na sanyi: a 3L da 5L, na shigar iska milimita 0.20 zuwa 0.30, na fitar hayaƙi 0.40 zuwa 0.50. Bawul da ya matse ba ya rufewa sosai, kuma gyaransa bai kai sauke inji ba. In matsi na da kyau, a kai nozul a gwada feshinsu, a duba taimin injekta. Farin hayaƙin da ba shi da warin gas, bai daina ba bayan inji ya yi zafi, ga ruwan lagireto na raguwa, wannan gasket ne.

Motoci da yawa an cire musu tamostat, abin da ke tsare ruwan lagireto har inji ya yi ɗumi, da sunan ƙasarmu zafi gare ta. Da hunturu irin wannan injin na iya tafiya daga Katsina har Daura allurar zafi ba ta ɗaga ba, gas bai ƙonewa sosai, yana wanke man jikin silinda yana gangarawa cikin baƙin mai. Nakan mayar da shi, mai buɗewa wajen digiri 82, bayan na tabbatar lagireto da fanka lafiya. In mota ta tashi a bar ta a silo minti biyu zuwa uku ba tare da taka totur ba, fitilar mai ta mutu, sannan a ja a hankali har allura ta fara hawa kafin a ba ta wuta da lodi.