Zaure ba wurin daka ba ne: ga masu sabon shiga gungun kwamfutocin sashe

Ƙannena da aka ba sunan shiga da kalmar sirri a gungun kwamfutocin sashe, ku fara sanin abu ɗaya: ba babbar laftof aka ba ku ba. Kwamfutoci ne da yawa aka haɗa, suna aiki da Linux (tsarin gudanar da kwamfuta, kamar Windows), kuma ku da malamanku da 'yan digiri na uku duk a kansu kuke lokaci guda. Kusan duk ɓarnar da na tafka a farkon zuwana, daga rashin gane wannan ta fito.

In ka buga ssh, umarnin shiga wata kwamfuta daga nesa, ka shiga, inda ka sauka ita ce na'urar shiga. Ɗauke ta kamar zaure: nan ake gyara fayil, a kwafi kaya, a miƙa aiki, amma daka da girki sai can cikin gida, a na'urorin lissafi. Ni kuwa da baƙin allon ya buɗe, nan take na saki shirina na Python mai cin RAM ba ƙaƙƙautawa, na haye a-daidaita-sahu na tafi Kabuga neman abinci. Kafin in dawo, duk wanda ya buga ko da ls ne, ɗan umarnin jero sunayen fayiloli, sai ya zauna jira. Injiniyan da ke kula da na'urorin ya kashe aikin, ya kira ni ya ce, "Malam, kai kaɗai ne a sashen nan?" Na ce, "A yi haƙuri, ranka ya daɗe." Ya jawo min kujera ya nuna min Slurm.

Slurm shi ne mai tsara layi. An fara ƙirƙirarsa a cibiyar binciken Lawrence Livermore da ke Amurka, kuma yau jami'o'i da dama da shi suke raba aiki. Ɗan ƙaramin fayil za ka rubuta, ka faɗi a layukan #SBATCH awa nawa kake so, RAM nawa, CPU nawa, sannan umarnin da za a gudanar. Ka miƙa da sbatch, ka duba da squeue. In ka ga PD, kana layi. In ka ga R, an fara. In ka gano kuskure, scancel da lambar aikin. Abin da shirin ya faɗa kuma yana cikin wani fayil mai suna slurm da lambar aikinka, sai ka buɗe ka karanta.

A wajen faɗin adadi ne na fi shan wuya. Haɗama ta sa nake neman iyakar lokacin da aka yarda da RAM mai yawa, wai don kada a yanke ni. Sai in kwana a PD, alhali waɗanda suka zo bayana sun gama sun tafi. Har na fara zargin akwai son kai. Babu. Slurm yakan cusa ƙananan ayyuka a giɓin da ya samu muddin ba za su jinkirta na gaba ba, mai neman abu da yawa kuwa dole ya jira sai wuri ya samu gaba ɗaya. Da na gane haka sai na koma ɗaya ɓangaren, na matse lokacin ƙwarai. Lokaci na cika aka datse aikin yana dab da ƙarewa, ga shi ban sa shirin ya riƙa ajiye inda ya kai ba. Komai ya tafi. Hanyar da ta fi ita ce ka gwada da ɗan guntun bayanai, ka duba da sacct nawa ya ci, ka ƙara kaɗan a kai. Kuma kada ka nemi CPU 16 wa shirin da guda ɗaya ya iya amfani da shi. Sauran 15 suna zaune ne, wani na can yana jiransu.

Mu da ke aiki daga gida da datar waya, ga kuma ɗauke wuta, dole mu koyi tmux, shirin da ke riƙe maka allon umarni a buɗe a can na'urar. Duk abin da ka kunna da hannu, in layin ssh ya yanke yakan mutu, amma na cikin tmux yana nan har ka dawo. Wanda ka miƙa da sbatch kuwa, ko laftof ɗinka ta mutu ba ruwansa. Kwafar manyan fayiloli a yi da rsync -P, don yana ɗorawa daga inda ya tsaya. Datar da na ƙona ina maimaita kwafi daga farko, Allah kaɗai ya sani.

Umarnin rm na share fayil ba shi da kwandon shara. Na taɓa barin tazara tsakanin sunan folda da alamar tauraro mai nufin "duka", ya share duk fayilolin da ke inda nake tsaye. Ka fara buga ls da abin da kake son sharewa, ka gani da idonka. Wurin ajiyar wucin gadi da ake kira scratch kuma galibi ba a ajiye masa kwafi, wasu wuraren ma share shi ake yi lokaci-lokaci, don haka sakamakon da za ka kai wa mai duba aikinka kada ya daɗe a can. Fayil ɗin da ka rubuta a Windows, sbatch zai ƙi shi saboda alamar ƙarshen layi ta bambanta. Umarnin dos2unix ke gyarawa.

Aboki zai zo ya ce ka ara masa kalmar sirri, "ɗan gwaji ne kawai". Kada kunya ta kama ka. Duk abin da ya yi, sunanka ne a rubuce. Raka shi wurin injiniya a buɗe masa nasa.

Wahalar koyon nan ba ta faɗuwa ƙasa banza, domin tun Nuwamban 2017 duk kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya da Linux suke aiki, kuma umarnin da kake koya a nan Kano shi za ka tarar a can. In ka maƙale kuma, kada ka aika wa injiniya hoton allo mai dishi-dishi ta WhatsApp da "ya ƙi yi". Yi sallama, ka ba shi lambar aikin, da umarnin da ka buga, da saƙon kuskuren a kwafe yadda ya fito.